Tafiyata farautar barewa a arewacin Minesota, da yadda takalmi ya so ya kashe ni

Tun watan Satumba abokin aikina yake damuna wai lallai sai na bi su farauta bana, gidansu suna da wani ɗan fili a daji can arewa da garin Cook, kowace shekara idan aka buɗe lokacin harbin barewa wata Asabar a farkon Nuwamba duk mazan gidan sai su tattara su tafi. Ni kuma farautar da na sani ita ce ta ƙauyenmu, karnuka da gora da adda, ga masu kirari, rana tana dukan keya, takalmin mutum bai wuce na robar taya ba. Na ce masa ba ni da lasin kuma ban taɓa riƙe bindiga ba, ya ce babu komai kallo kawai zan yi, amma abu biyu dole ne, riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli don kada wani ya ɗauke ni barewa, sai kuma takalmi. Ya maimaita takalmin nan har sau uku.

Ranar Laraba na shiga wani babban kanti na kayan farauta a wajen Minneapolis. Wallahi takalma jere kamar Kwari ranar jajibirin sallah, kowanne da lamba a jikinsa, 400, 800, 1200, har 2000 na gani. Na ɗauka kuɗin ne har gabana ya faɗi. Wani dattijo mai aiki a wurin ne ya yi min bayani, wai nauyin abin ɗumin da ke cikin takalmin ne, Thinsulate, wanda kamfanin 3M na nan jihar ke yi, ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita ɗaya ta yadin. Tambayar farko da ya yi min ita ce, tafiya za ka yi ta yi ko zama za ka yi? Ya ce mai yawo 400 ta ishe shi don jininsa na gudu, amma wanda zai hau bishiya ya zauna awa huɗu ko biyar bai motsa ba, ya nemi 1200 zuwa sama. Ya kuma nuna min iri biyu, na fata mai igiya da aka yi wa shafin Gore-Tex a ciki, ruwa ba ya shiga amma tururin zufa yana iya fita, da kuma dogon na roba har kusa da gwiwa irin wanda masu aikin kankare ke sawa a gida sai dai wannan mai kauri ne, shi ko cikin kududdufi ka tsaya babu ruwanka, illarsa kawai duk zufar da ka yi tana nan ciki tare da kai.

Na zaɓi na fata mai 800, tsaka-tsaki, don aljihuna ma tsaka-tsaki ne. Dattijon ya ce in ƙara rabin lamba ko lamba guda a kan sayiz ɗina, in kuma sayi safar ulu. Na gwada babban na ji ƙafata na yawo a ciki, na ce a raina wannan dai so yake ya sayar, na ɗauki daidai ƙafata cif, safa kuma ai ina da su cike da durowa. Nan na yanke wa kaina hukunci ban sani ba.

Juma'a bayan an sauko masallaci muka kama hanya, babbar hanyar I-35 ta yi arewa, muka tsaya shan mai a Hinckley, a Cloquet muka saki babbar hanya muka bi hanya mai lamba 33 har ta haɗe da mai lamba 53. Tun daga nan gari ya canza, bishiyoyi masu tsini ta ko'ina, motocin akori-kura duk masu hular ruwan lemo ne a ciki. Mun wuce Eveleth da Virginia, yankin da ake haƙar tama, za ka ga tudun jar ƙasa da aka tono kamar duwatsu. Kafin biyar na yamma duhu ya rufa. Ɗakin katako ne da murhun itace, baban abokina ya tarbe mu, ya kalli ƙafata ya ce takalmin yana da kyau, bai ƙara komai ba.

Ƙarfe biyar na asuba aka tashe mu. Na yi alwala da ruwan da aka ɗumama a kan murhu, na yi sallah, sai na zuba safar auduga guda biyu na tura ƙafa da kyar na ɗaure igiya tamau, ina jin kaina kamar soja. Abin auna sanyi da ke bakin ƙofa ya nuna 14, a lissafinsu kenan, a namu 10 ƙasa da sifili. Tafiyar kusan minti arba'in ce zuwa bishiyar, ta cikin wata fadama wadda samanta ya daskare amma ƙasanta ruwa ne, kana takawa ƙanƙarar ta fashe ƙafa ta nutse har idon sawu. A nan kam takalmin ya yi aikinsa, ko ɗigo bai shiga ba, har ina yi wa abokina dariya da nasa ƙaton na roba. Ina tafe ina zufa, ƙafata zafi rau.

Muka hau tsani muka zauna a kan ɗan dandamali, ba magana ba motsi. Minti talatin na farko lafiya lau. Daga nan yatsun ƙafata suka fara kamar ana soka min allura, can kuma sai na daina jin su gaba ɗaya, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Ashe zufar da na yi a hanya audugar ta shanye ta riƙe, yanzu ta huce, ga takalmi ya matse babu wurin da iska mai ɗumi za ta zauna, jinin ma da kyar yake kai wa yatsu. Duk sanyin hunturun da na taɓa kuka da shi a Kano, har da wanda na sha a Jos wata shekara, wasan yara ne. Wajen ƙarfe takwas da rabi wata barewa ta fito ita da ɗanta, farar jela a ɗage, abokina ya taɓa ni in gani, ni kuwa lissafin yatsu nawa zan koma da su gida nake yi. Na raɗa masa cewa ni fa na sauka.

Da muka koma ɗaki na nufi murhu zan kara ƙafa, Baba ya daka min tsawa, ya ce ƙafar da ba ta ji za ta ƙone ban sani ba. Ya kawo ruwa mai ɗumi kaɗan a roba na tsoma, da jini ya fara dawowa sai da na yi hawaye, babba da ni. Ya murɗa safata ya nuna min danshin da ke ciki. Sannan ya ɗauko wani tsohon takalminsa, ƙasa roba sama fata, cikinsa da wata rigar ulu mai kauri da ake zarewa a shanya da dare, ya fi ƙafata da lamba biyu, ya haɗa min da safar ulu guda ɗaya tak. Ya ce gobe in tafi a hankali kada in yi zufa, in sassauta igiya idan na zauna, in riƙa motsa yatsu. Ya ba ni wasu 'yan ƙunshi da ake mannawa a safa, garin ƙarfe ne a ciki, da ya sha iska sai ya fara zafi.

Lahadi na zauna tun duhu har sha ɗaya saura cikin tsohon takalmin nan mai kama da kwale-kwale, ba mu ga ko zomo ba, amma yatsuna goma duk ina jin su. Nawa sabon masu kantin ba su karɓa ba da na mayar, don ya sha laka, kuma gaskiyarsu ne. Yana nan bakin ƙofa, da shi nake share dusar ƙanƙara a gaban gida, da safa ɗaya.