Abin da gadar Binuwai ta nuna mini game da hoton dare

Na daɗe ina ɗora wa hannuna laifin duk hoton dare da ya fito dishi-dishi, har ranar da na tsaya a kan gadar kogin Binuwai a nan Garwa, a arewacin Kamaru, bayan sallar magariba. Na kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, na bar ƙofar haske a buɗe tsawon sakan 20 domin fitilun babura su koma kamar zaren wuta, kuma ban taɓa ta ba ko kaɗan. Amma da na faɗaɗa hoton, sai na tarar kowace fitilar gari ta fito da jela kamar waƙafi. Ashe manyan motocin da ke jigilar kaya zuwa arewa su ne suke girgiza gadar, kuma rawar da tafin ƙafata bai kula da ita ba, kyamara ta ɗauke ta tsaf.

Tun daga wannan dare, ƙasa nake fara dubawa kafin in duba sama. Idan na sauka bakin kogi, nakan danna ƙafafun uku cikin yashi har sai sun daina nutsewa, domin yashi yakan ci gaba da zamewa a hankali yayin da ƙofar ke buɗe. Nakan fara zaro sassan ƙafa masu kauri, ba na kuma ɗaga sandar tsakiya, domin ita ce ta fi saurin rawa. A lokacin hunturu kuwa, igiyar rataya kyamara ma abin lura ce, saboda iska na kaɗa ta tana bugun ƙarfen, shi ya sa nake cire ta gaba ɗaya. Jakar da nake ratayawa a ƙarƙashi don ƙarin nauyi dole ta taɓa ƙasa, in ba haka ba za ta riƙa lilo ta ƙara ɓarna.

Sai maganar yatsa. Danna maɓalli kawai ya isa ya motsa kyamara, don haka nake saita ta ta jira sakan 2 kafin ta ɗauka. Mai kyamarar da ke da madubi a ciki ya kamata ya ɗaga madubin tukuna, kuma a kashe na'urar hana rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR, domin a wasu gilasan gaban kyamara (lens) takan jawo motsi idan kyamara tana kafe.

Akwai kuma motsin da babu mazaunin da zai hana shi. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka a wuri irin ƙauyen Rumsiki da ke can arewa da Garwa, inda taurari ke cika sama a bayan duwatsun Kapsiki, tsawaita lokaci yakan mayar da su gajerun layuka. Don sanin sakan nawa za a iya barin ƙofar a buɗe kafin hakan ya faru, masu sana'ar sukan raba 500 da lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashi, wato mai milimita 24 zai samu kusan sakan 20, ko da yake ni na fi natsuwa da sakan 15. Da hannu nake saita gilashi har tauraro mafi haske ya fito sarai, sannan in faɗaɗa hoton farko a allon kyamara har ƙarshe kafin in ɗauki na biyu.