Abin da na koya wajen rubuta bincikena domin jama'a

Na shafe shekaru ina rubuta muƙalu a mujallun ilimi kafin a nemi in yi wa masu karanta jarida bayanin bincikena a fannin lafiyar al'umma, kuma na ɗauka aikin bai wuce cire manyan kalmomi ba. Na bi tsarin da na saba: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar gudanar da bincike, sannan sakamako. Editan ya maido mini da rubutun bayan ya zagaye sakin layi na bakwai da jan biro, ya rubuta a gefe: "Malam, daga nan labarinka ya fara." Raina bai so ba, amma yana da gaskiya. Mai tantance muƙala dole ne ya kai ƙarshe domin aikinsa ke nan, shi kuwa mai karanta jarida babu abin da ya ɗaure shi.

Wannan gyara bai ba ni wuya ba. Inda na sha fama shi ne alƙaluma. Na rubuta cewa haɗarin wata cuta ya ninka, kuma a lissafi ban yi ƙarya ba, sai editan ya tambaye ni: ya ninka daga nawa zuwa nawa? Tambayar ta tuna mini da abin da ya faru a Birtaniya a watan Oktoba na 1995, lokacin da kwamitin kula da ingancin magunguna ya yi gargaɗin cewa wasu sabbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ninkin gaskiya ne, amma daga kimanin mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa da suka ji kalmar "ninki" kaɗai suka firgita suka daina shan maganin, aka samu ƙaruwar juna biyun da ba a shirya masa ba. Tun daga ranar da editan ya yi mini wannan tambaya ba na rubuta kaso cikin ɗari sai na faɗi mutum nawa ne cikin mutum nawa.

Akwai kuma kalmomin da mu masu bincike muke wa wata ma'ana, jama'a suna yi musu wata. Idan muka ce an sami bambanci mai muhimmanci, nufinmu da wuya a ce dace ne kawai ya haifar da shi, alhali mai karatu zai fahimci cewa bambancin babba ne. Haka nan idan muka ce abu biyu suna da alaƙa, shi zai ji cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan.

A nan ne ni ma na ƙi bin editan. Ya so ya goge "wataƙila" daga kanun labarin domin ya fi jan hankali, na ce bincike ɗaya da aka yi a kan mutane kaɗan bai kai a yanke hukunci da shi ba. Mun daɗe muna ja-in-ja ta waya, daga bisani ya bar kalmar, ni kuma na yarda ya cire sakin layi biyu na bayanin hanyar bincike.