Wata ɗaya a Mararaba

Tun muna aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello, duk daren da muka zauna teburin mai shayi a Samaru, in aka zo maganar inda za a nufa bayan karatu, Abuja kowa yake kira. Ni ma ita nake kira, alhali ko kwana ɗaya ban taɓa yi a garin ba. Tattalin arzikin noma na karanta. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye mana kusan wata tara, don haka sai a 2023 na gama bautar ƙasa, da ɗan abin da na tara daga alawus ɗin naira 33,000.

Hanya uku ce a gabana. In koma gida Funtuwa in jira, in tafi Kano wurin kawuna da ke da rumbu a kasuwar Dawanau, ko in amsa kiran wani ƙaramin kamfani a unguwar Wuse ta Abuja da ya ce in zo a gwada ni. Ban ma tsaya shawara ba. Na sayi takalmi sau-ciki da riguna biyu, na hau mota.

Abin da ba a gaya mini a Samaru ba shi ne, da yawa daga masu aiki a Abuja ba a cikinta suke kwana ba. Abokina da ya sauke ni, a Mararaba yake, wato jihar Nasarawa, ɗaki ɗaya su biyu, na zama na uku. Da an sallame sallar asuba muke fita titi, don in ka bari gari ya waye, cunkoson Nyanya zuwa shataletalen AYA sai ya ci maka awa biyu. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwar wani a haƙarƙarinka. Kuma na zo a mummunan lokaci: ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kafin in yi sati biyu kuɗin mota ya ninka. Da yamma sai ka ga mutane da kwat da jaka sun yi layi a bakin titi suna ɗaga wa motocin gida hannu.

Daren wata Juma'a na ɗauki biro da bayan takardar gayyatar aikin na yi lissafi. Daga albashin na cire kuɗin mota na kwana 22, na cire abincin rana, na cire kati da ruwa. Sai haya, wadda shekara guda ake biya a dunƙule, ga kason dillali a kai. Abin da ya rage bai kai alawus ɗin bautar ƙasa ba. Na sake lissafin har sau uku ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Na kira Kawu. Bai yi mini dariya ba, duk da na san ya so. Ya ce, “Ɗana, ni ban san digiri ba, amma masu sayen riɗi daga Legas sun dame ni da takardu da saƙon imel. Ka zo ka riƙe mini wannan, abinci da wurin kwana ba naka ba ne.”

Sai da na cika watan kafin na tafi, don kada a ce na gudu.

Dawanau tana kan hanyar Katsina, kuma duk wanda bai shige ta ba zai ɗauka kasuwar gero da dawa ce kawai. Riɗi, zoɓo, citta, waken suya, tirela-tirela ake lodawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, wasu kuma su nufi Nijar. Aikina na farko shi ne zama kusa da sikeli da littafi. A nan na gane cewa ɗanyen kaya yana rage nauyi in ya kwana a rumbu, cewa buhun da aka rairaye da wanda ba a rairaye ba ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma wani ɗan dako da bai taɓa shiga aji ba yana iya damƙar riɗi a tafin hannu ya gaya maka yawan ƙasar da ke ciki kafin na'ura ta faɗa. Darasin da muka haddace a kan farashi da kaka, a nan na gan shi da ƙafafunsa.

Ba zan ce Kano daɗi ce zalla ba. Zafin watan Afrilu ga ba wuta, ruwa sai 'yan garuwa, kuma duk ɗan Funtuwan da ya zo asibiti ko sarin atamfa a Kwari, ɗakina ne masaukinsa. Magana kuwa na sha ta. A wani ɗaurin aure wata gwaggona ta ce, “Yanzu duk bokon nan, ƙirga buhu ka ƙare da shi?” Ya yi mini ciwo, har na kwana biyu ina duba tallan aiki a waya.

Abokin nan nawa na Mararaba bai yi kuskure ba da ya zauna. Kwamfuta ya karanta, kasuwarsa tana can, yanzu ma ya koma Kubwa. Tawa kasuwar ce take Kano, na tsallake ta saboda sunan gari. In ƙannena suka tambaye ni yanzu, cewa nake su je su kwana sati biyu a garin da suke son zuwa, su fita a lokacin da ma'aikata ke fita, su riƙe biro.

Takalmin sau-cikin yana nan a kwalinsa ƙarƙashin gado. Ƙurar Dawanau silifas take so.