Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Sauka Na Bar Masa Jirgi

Makon jiya mun tsaya a inda na samu takardar koyar da tuƙi, na kama aiki a wata 'yar makaranta da ke gefen filin jirgi a karkarar jihar Ohayo ta Amurka. Filin babu hasumiya, babu mai ba da izinin tashi ko sauka. Kowane matuƙi da bakinsa yake sanar da inda yake a rediyo, saura su saurara su ba shi wuri. Jirgin koyarwarmu Tecnam ne mai kujera biyu, da injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 100.

Lasisin da nake koyarwa a kai shi ne na tuƙin sha'awa, wanda hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ɓullo da shi a 2004. Lasisin matuƙi mai zaman kansa sai da awa 40 aƙalla, wannan kuwa awa 20 ne: 15 tare da malami, 5 kai kaɗai. Lasisin mota na Amurka ma yana tsaya maka a madadin takardar likita, muddin ba a hana ka ita ba a nemanka na ƙarshe. Amma da sharuɗɗa. A wancan lokacin da rana kawai za ka tashi, fasinja ɗaya, kuma jirgin da duk abin da ke cikinsa kada ya wuce laba 1,320, wajen kilo 600 ke nan. Awa 20 ɗin nan dai ta takarda ce, a cikin ɗalibaina da wuya ka ga wanda bai zarce ta ba.

Saboda sauƙin nan, yawancin masu zuwa mana dattawa ne da suka daɗe da burin a zuci. Cikinsu akwai wani tsohon direban tirela da ya yi ritaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. "Ɗana" yake ce mini, ni kuma ina ce masa "Yallaɓai". Hannunsa na da kyau ƙwarai. Shekarun da ya yi yana sarrafa babbar mota sun koya masa haƙuri da inji, ba ya fizga, ba ya gaggawa. Saukarsa sau da yawa ta fi ta samari laushi.

Duk da haka na ƙi sa masa hannu ya tashi shi kaɗai, har abin ya fara ɓata masa rai.

Abin da doka ta nema ya cika shi tuni. Ya wuce shekara 16, yana da katin ɗalibi, ya ci jarrabawar rubutu da na shirya masa a kan dokoki da filinmu da jirgin kansa, mun kuma yi duk atisayen da aka lissafa. Sai dai doka ba ta faɗi ranar ba. Ta bar wa malami, shi zai rubuta a littafin awoyin ɗalibi cewa ya yarda, kuma sa hannun nan kwana 90 yake yi kafin a sabunta. Duk abin da ya biyo baya, sunanka ne a ƙasan shafin.

Matsalarsa guda ce. Idan ya doso titin sauka, to sai ya sauka ko ta halin ƙaƙa. Ya zo da tsayi, ya zo da gudu, sai ya danne jirgin ya tilasta masa. Da ƙwarewar hannu yake tsira, amma ni ba laushin sauka nake nema a wurin ɗalibi ba. Ina so in ga ranar da zai duba ya ce wannan ba ta yi ba, ya ba da totur ya koma sama ya sake zagaye, ba tare da na buɗe baki ba. Idan na umarce shi yana yi tsaf. Amma ran da ba na cikin jirgin, wa zai umarce shi?

Ya ce, "Ɗana, ni a aikina idan ka ɗauko kaya sai ka kai su."

Na ce, "Yallaɓai, a nan kai ne kayan."

Bai yi dariya ba. Muka ci gaba da zagaye, yana biyan kuɗin awa yana ƙunƙuni. Wata safiya muna gab da taɓa ƙasa, iskar gefe ta ture mu daga tsakiyar titi. Hannuna har ya kama hanyar sandar tuƙi, sai na ji injin ya ɗauka, na ji muryarsa a rediyo yana sanar da cewa zai sake zagaye. Ko kallona bai yi ba. Da muka sauka ban ce masa komai a kai ba, na dai duba hasashen yanayin gobe.

Washegari iska ta kwanta. Muka yi 'yan zagaye tare, sannan na ce ya tsaya a gefen titi. Na karɓi littafinsa na sa hannu, na rubuta iyakar iskar gefe da na yarje masa, da cewa a filin nan kaɗai. Na gargaɗe shi da abu ɗaya: a jirgi mai kilo 600, nauyin mutum guda ya haura kashi ɗaya cikin goma. Idan na fita zai ga jirgin ya tashi da wuri, ya hau da sauri, wajen sauka kuma ya yi ta shawagi kamar ba ya son ƙasa. Na rufe ƙofa na ja da baya da oba-oba a hannu.

Tsayuwar nan a ciyawa ta fi mini zama cikin jirgi wuya. Kana ganinsa ya hau ƙafa 1,000, ya juya hagu, ya sake juyawa, kana lissafa komai a ka, yatsa na kan madanni. Ban yi magana ba. Muryar malami a kunnen ɗalibi yana gab da sauka sai dai ta raba masa hankali, don haka na ajiye ta sai in na ga wani jirgi ko barewa a kan titi.

Saukar farko lafiya. A ta biyu ya ɗan zo da gudu, tayoyi suka taɓa, jirgin ya yi tsalle. Nan take ya ba da totur ya koma sama. Ya zagayo ya sauka sumul, ya ƙara ta uku, ya kawo jirgin ya kashe inji.

Al'adar matuƙan Amurka ce a yanke bayan rigar ɗalibi ranar da ya fara tashi shi kaɗai. Ana cewa tun zamanin da malami ke zama a bayan ɗalibi babu rediyo, sai ya ja masa riga in yana son ya saurare shi. Na yanke tasa, na rubuta kwanan wata a jiki, muka manna a bangon ofis.

Da yamma matarsa ta bugo waya tana tambayar ranar da zai ɗauke ta. Na bayyana mata cewa ɗalibi ba ya ɗaukar fasinja sai ya samu lasisi, kuma da sauran tafiya ta mil 75 a ma'aunin matuƙa, wajen kilomita 140 ke nan, da zai yi shi kaɗai, ya sauka a wasu filayen da bai saba da su ba. Yadda muka tsara tafiyar, da hazon da ya tare shi a hanyar dawowa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.