Fitowar gada ta samu, bayan sati uku ina fama da kukan Baba

'Yan'uwa, daren jiya na kalli ɗauka ta tara a kwamfuta, sai da na miƙe tsaye don murna. Masu bin wannan ɗan gajeren fim nawa sun san labarin. Tsohon soja ne cikin rundunar Murtala da ta yi ƙoƙarin tsallaka Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoban 1967, lokacin yaƙin basasa, ruwa ya ci abokansa, shi ya tsira, yanzu yana gadi a Agege.

Abin da ya hana ni barci shi ne fitowar da yake ba jikarsa labarin ranar. Shafi biyu cur na rubuta masa. Baban da ke fitowa a matsayin sojan tela ne a unguwarmu, muryarsa mai daɗi ce, amma da ya buɗe baki sai hawaye. Layi na farko, kuka. Mai kallo bai san waɗanda suka mutu ba, an riga an hau shi da makoki. Na cire kiɗan bayan fage, bai gyaru ba. Na matso da kyamara dab da fuskarsa, abin ya ƙara muni, ana ganin yadda yake matse ido. Na rage maganar zuwa rabi. Ga janaretan maƙwabta da ke shiga makirufo, har na yi fushi na kwashe kayana ranar.

Washegari na je shagonsa ba da haƙuri, yana kan keke yana ɗinki ya ce, "Ɗana, wanda ruwa ya ci mutanensa a gabansa ba ya zama ba da labari. Gada yake gudu."

Na yaga shafukan nan biyu. Muka yi shatar danfo da sassafen Lahadi, Naira 45,000 da har yanzu nake jin zafinta, muka hau gadar Third Mainland ta Legas. Kusan kilomita 12 ce a kan ruwa, lokaci isasshe. Baba na zaune jikin taga, jikar na ta surutun makaranta. Da ruwan ya bayyana sai ya daina amsa mata, ya cire hularsa ya ninke, ya sake ninkewa, leɓensa na motsi yana ƙirga sunaye. Babu hawaye ko ɗigo. Yarinyar, ba da umarnina ba, ta yi shiru ta ɗora hannunta a gwiwarsa. Wallahi ni da nake riƙe da kyamara sai da hannuna ya yi rawa, kuma zan bar rawar a ciki.

Saura sauti. Iskar gada ta cika makirufo, sunayen da yake ƙirgawa ba sa fita. Ina tunanin sake naɗar muryarsa a ɗaki bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi, amma ina tsoron numfashin ba zai zo daidai ba. Wanda ya taɓa ɗora murya a kan raɗa irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.