Yadda na koyi karanta kalandar Sarki Louis na 14

Aikin aji ne ya haɗa ni da waɗannan zanukan, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi zane ɗaya na zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, ya zo gaban aji ya fassara shi. Na shiga Gallica, shafin babban laburaren Faransa, na sauke wata kalandar bango irin waɗanda ake kartawa a farantin tagulla a shafa tawada a buga a takarda.

Wallahi da farko dariya ta ba ni, takarda ƙatuwa amma kwanakin wata an matse su can ƙasa a ɗan lungu, duk sauran filin sarki ne, sak kalandar ɗan takara a shagon aski.

Kwana biyu ina rubuta shirme, wai ga mata masu fukafukai ga dabbobi na ado. Ashe ba ado ba ne, ko wanne magana ce. Matar da ke busa kakaki ita ce Suna, maroƙiyarsa kenan, wadda ke ɗora masa rawanin ganye kuma Nasara. Zakin da ya durƙusa Sifen ne, in yana riƙe da kibau to Holan ne, mikiya kuwa daular Jamus. Ranar da ke sama shi ne da kansa. Sai da na duba littafin Cesare Ripa na 1593, wanda masu zane ke ɗaukar irin waɗannan siffofin daga ciki, kafin kaina ya waye.

Inda na kwafsa shi ne tsallake kogin Rhine da sojojin Louis suka yi a 1672 a yaƙinsu da Holan, na tsaya gaban aji ina zuba kamar an yi wani gagarumin gumurzu, malam ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce malama ke ma sarkin ya saye ki. Ruwan ya ja baya a shekarar, masu gadin wajen ba su da yawa, shi kuwa Louis yana bakin gaɓa yana kallo.

Ya tura ni in nemo zanen Romeyn de Hooghe, ɗan Holan, na wannan yaƙin dai. Sojojin Faransa ne suna ƙona garuruwan Holan biyu, Bodegraven da Zwammerdam, mata da yara a ƙasa, babu kakaki babu rawanin ganye. Shi ma fa ɓangaren William na Orange, jagoran Holan, yake yi wa aiki, ba don Allah ya zana ba. Da na sake gabatarwa, zanukan biyun na liƙa a allo gefe da gefe, kuma na fara da karanta ɗan rubutun da ke ƙasan kowanne, inda sunan mai kartawa da na mai bugawa suke.