Warin da turare ya kasa kashewa

Shekarata ta biyu ina aikin nas aka turani wod ɗin maza, kuma gaskiya abinda ya fara tarbata ba majinyata bane, wani irin hamami ne da baka iya cewa ga daga inda yake fitowa. Mu da muke ciki bayan minti goma hanci ya saba, sai masu zuwa dubiya ka ga suna toshe hanci a ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Maganinmu lokacin dai fesa turaren gwangwani ne, safe da yamma. Har ranar da wani mai asma ya sarƙe a gabana, tun daga nan na ajiye gwangwanin. Ashe ma ƙamshin hawa kan warin kawai yake yi su haɗu su zama wani abu daban.

Wanda ya gano matsalar wani dattijo ne mai gyaran famfo. Ya shiga banɗakin da aka daina amfani dashi ya durƙusa kan magudanar ƙasa yace, 'yata kawo min ruwa bokiti ɗaya. Nace Baba ruwa kuma? Yace bututun nan a lanƙwashe yake, ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar shi ke tare iskar sokawe, in ya bushe kin buɗe mata ƙofa kenan. Ya juye ruwan, washegari rabin warin babu. Wata nawa muna fama fa!

Sauran rabin kuma namu ne. Gyambo mai ɗoyi yawanci ƙwayoyin cutar da basa son iska ne ke aiki a ciki, shi yasa likita kan rubuta metronidazole na shafawa, akwai kuma bandeji mai gawayi da ke shanye warin. Sannan na hana masu shara zuba bilic kai tsaye kan fitsari ko haɗa shi da wani abin wanki, hayaƙin da yake tayarwa yana ƙona ido da maƙogwaro, a fara kwashe fitsarin tukun.

Batun iska kuwa na daɗe ina ɗauka in esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki shikenan, alhali irin na bango iskar ɗakin yake juyawa ya sanyaya ya dawo maka da ita, haka fanka in taga a rufe. Ɗakin keɓe mai tarin fuka ana so iskarsa ta sauya sau 12 a awa, kuma a wani bincike da aka yi a asibitocin Lima ta ƙasar Peru aka wallafa a 2007, buɗe ƙofa da tagogi kawai ya bada kusan sau 28 a awa. Matatar iska da ake kira HEPA tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta amma wari wucewa yake abinsa, sai da gawayi.

Yanzu in na karɓi duti tagogi nake fara dubawa ɓangare biyu, duk sati kuma ina bin magudanan nan da bokitina, abokan aiki suna ta min dariya wai na zama yarinyar Baba.